Tambayi Inna Malama: Koyarwa Sana'ata Ce, Ko Rashin Mafita Ne?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, duk a kan shiga aikin koyarwa. Ta farko ce za ta cinye mana fili, masu sauran biyun su yi haƙuri da gajeriyar amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni saurayi ne daga Funtuwa, shekarata 20. Sau biyu ina zana JAMB ina neman karatun injiniya, makin bai kai ba. Bana an ba ni gurbin NCE, wato karatun shaidar koyarwa a kwalejin ilimi, a lissafi da fiziks. Baba ya ce in tafi, kawuna kuma ya ce in zo Kano ya sa ni a shagonsa na kayan waya a Fam Santa. Ina karantar da yara a Islamiyyar unguwarmu da yamma, kuma ina jin daɗin abin, amma duk malamin da na sani bashi ya yi masa katutu. Abokaina har sun fara kirana Ticha suna dariya. Inna, ta yaya zan gane ko koyarwa sana'ata ce, ko kuwa rashin mafita ne ke tura ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka daina damuwa da ƙofar da ka biyo. Kowa ya san yadda abin yake. A 'yan shekarun nan mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, wato wanda jami'a ta mayar, shi ake cewa ya je ya koyi karantar da 'ya'yan jama'a. Wannan abin kunyar ƙasa ne, ba naka ba. Na yi aiki da waɗanda suka shigo don ba su da yadda za su yi, suka zama malaman da har gobe tsofaffin ɗalibansu ke tsayar da mota su durƙusa su gaishe su. Na kuma ga waɗanda suka zo da zumuɗi da dogon jawabi kan hidimar al'umma, zango biyu aka neme su aka rasa. Amsar tambayarka tana cikin aji, kai kuwa ba ka shiga ajin ba tukuna.

Kada ka ce mini ai kana Islamiyya. Allah ya saka maka, amma can gida ne. Yaran unguwarku ne, iyayensu sun san babanka, karatun ka haddace shi tun kana ƙarami, kuma yawancinsa biyawa ne, ka faɗa su amsa. Awa biyu an tashi.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka biya kuɗin rajista. Ka je firamaren gwamnati mafi kusa da ku, ka gaida hedimasta, ka ce kana so ka taimaka na mako biyu ko uku, kyauta. Ba zai ƙi ba, hannu yake nema. Ka roƙi aji uku. Kada ka yarda a ba ka aji shida, waɗannan sun fara hankali, za su rufa maka asiri. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kai dai ka ƙirga abin da za ka tarar. A makarantu da yawa na cikin gari ninki biyu ne ko uku, wasu a benci, wasu a ƙasa, na bakin taga kuma rabin hankalinsu yana wajen mai awara.

Sai ka rubuta musu wannan a allo: 52 a ɗebe 27. Ka zaga ka leƙa littattafansu. Za ka ga da yawa sun rubuta 35. Wani malamin zai ja jan biro ya wuce, ya fito yana cewa yaran nan daƙiƙai ne. Wani kuma zai tsaya ya ce, to daga ina 35 ta fito, kuma me ya sa suka yi kuskure iri ɗaya alhali ba kusa suke zaune ba? In ka duba za ka ga yaron ba shirme ya yi ba. Ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, an taɓa ce masa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su, ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Tunani ya yi, hanya ce ba a nuna masa ba.

Abin da nake yi a nan shi ne in sa a kawo tsinken tsintsiya, mu ɗaɗɗaure su goma-goma da zare. In danƙa wa yaro ɗauri biyar da tsinke biyu, in ce ba ni 27. Zai miƙo ɗauri biyu da sauri. Sai ya dubi tsinkensa biyu, ya dube ni, ya yi tsuru-tsuru. 'Yan aji su fara ɗaga hannu, in ce kowa ya yi shiru. Can sai ka ga yatsunsa sun tafi kan zaren ɗauri na uku yana kwancewa. Ba ka ce masa komai ba, ya gano aro da kansa. Ya ƙirgo bakwai ya ba ka, ya dubi abin da ya rage a hannunsa, ɗauri biyu da tsinke biyar, ya ce ashirin da biyar yana washe baki.

Wannan lokacin kowa zai ji daɗinsa, har kawunka mai shago. Gwajin na washegari ne, sa'ad da ka ba su 61 a ɗebe 34, ka tarar wasu da dama sun koma gidan jiya sun rubuta maka 33. Ka saurari zuciyarka a wannan safiyar. In ka ji hannunka na neman bulala, ko idonka na kan agogo kana lissafin saura minti nawa a kaɗa ƙararrawa, kuma haka abin ya ci gaba kullum har makonnin suka ƙare, ka gode wa Allah da ya nuna maka da wuri. In kuma ka tsinci kanka a hanyar gida kana saƙa da warwara kan wace dabara za ka zo da ita gobe, marafan kwalba ko 'yan naira goma-goma, to ɗana ka kamu.

Gajiya kuwa ba alama ba ce. Muryarka za ta dushe a makon farko, ƙafafunka za su yi tsami, ƙurar alli za ta shige maka hanci. Kowa haka ya fara. Lokacin da ake turo mini ɗaliban kwaleji masu koyon aiki, 'yan TP, ban cika damuwa da kyan rubutun shirin darasinsu ba, wannan ana kwafa. Abin da nake jira in ji shi ne ko a mako na uku yana kiran yara da sunayensu, ko har yanzu yana cewa kai mai jar hula, ke ta baya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita ce ke hana ka barci. Kada kowa ya rufe maka baki da cewa ladan malami yana lahira. Muna fatan ladan, amma mai gidan haya ba zai jira sai can ba. Mai NCE a aikin gwamnati yawanci a mataki na 07 yake farawa, mai digiri a na 08. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai aiwatarwar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma malaman firamare, da yake albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, sun saba zama na ƙarshe a layi. Adadin gaskiya yana cikin wayar malaman garinku. Ka samu biyu da ka yarda da su, sabon ɗauka da wanda ya daɗe, ka roƙe su su nuna maka alat ɗin watan jiya, bayan an zare na fansho da na ƙungiya. Tazarar da ke tsakanin su biyun za ta nuna maka inda za ka kai in ka yi shekara goma sha biyar. Ka tambaye su yaushe aka yi musu ƙarin girma na ƙarshe, kuma da wata nawa takardar ta riga kuɗin isowa. Sai ka ɗauki biro ka jera haya, buhun masara, kuɗin abin hawa, magani, ka ƙara mata da 'ya'ya biyu, tunda ba za ka dawwama a saurayi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa masu shiga NCE ba. Takardar ba ta zuwa da aiki a hannu. Ɗaukar malamai sai ranar da gwamnati ta buɗe, kuma akwai masu NCE da suka yi shekaru suna aikin sa-kai, ƙungiyar iyaye da malamai na ba su na sabulu. In an ɗauke ka, sabon malami ba ya zaɓen wuri, inda kowa ke gudu can ake kai shi. Kai ɗan jihar Katsina ne, ba sai na tuna maka sace ɗaliban da aka yi a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020 ba. Wannan ma ka sa shi a lissafi, ka yi maganarsa da mahaifiyarka tun yanzu.

To amma ga naka rabon. Lissafi da fiziks aka ba ka, malamansu kuwa nema ake yi ruwa a jallo. Makarantun kuɗi na neman su, iyaye na neman mai yi wa yara lesin kafin WAEC da NECO. NCE za ta kai ka firamare da ƙaramar sakandare, kuma in sakamakonka ya yi kyau da ita za ka shiga jami'a kai tsaye aji biyu, ka yi digirin koyarwa. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kuma kai ritayar malami zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a wuraren da aka fara aiki da ita.

Shi kuma kawu, ban ga dalilin da zai sa tayinsa ya zama kishiyar maganar babanka ba. Duk malamin da na sani yana zaune da rufin asiri, da wuya ka same shi da albashi kaɗai. Wani gona, wani kiwo, wani ɗinki. Ana tashi makaranta tun kafin la'asar, dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, ku kuwa Funtuwa ƙasar masara da auduga ce. Ka ce wa kawu duk hutu za ka zo ka zauna a shago ka koyi ciniki da gyaran waya. A shekara uku na NCE sai ka fito da takarda da sana'a. Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kansa ba na sassauci. Malamin da ke sa hannu a littafin zuwa aiki da ƙarfe takwas, ƙarfe tara yana kan babur yana ɗaukar fasinja, ya bar wa monita yara da bulala, ban taɓa iya yi masa uzuri ba, ko nawa ne albashinsa. In haka za ka zama, gara ka tafi shagon gaba ɗaya. Ciniki halal ne, babu abin kunya a cikinsa.

Masu kiranka Ticha kuwa, ka amsa musu. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Balewa a ta Bauchi, dukkansu daga kwalejin horon malamai ta Katsina suka fito. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, Shehu Shagari har hedimasta ya yi a Argungu. Amma wannan na rufe bakin abokai ne kawai, kada ka ɗora shawararka a kai. A zamaninsu malami mai keke shi ne ɗan bokon gari, har fada ake kiransa ya karanta wasiƙa. Wannan zamanin ya wuce. Yau sai dai girman da iya aikinka ya saya maka, kuma ana iya gwada shi rana tsaka. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce sama da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce kan adalcin abin, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki. Ko ma wane ɓangare mutum ya tsaya, wanda ke shigowa da tunanin cewa in ko'ina ya gagara koyarwa ba ta gagara, ya tuna da wannan shekarar.

In ra'ayina kake so, saurayin da ke zuwa Islamiyya kullum da yamma ba don kuɗi ba, har ya zauna ya rubuto wasiƙa yana tsoron kada ya shiga aikin da ba nasa ba, na fi zaton zai iya. Je ka yi makonninka, ka rubuto mini abin da ka tarar.

Tambaya: Inna, ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana biyu. Na gama sakandare da sakamako mai kyau kafin aure. Maigidana ya amince in koma karatu, amma ya ce koyarwa kaɗai, saboda malama tana dawowa gida da azahar. Gaskiya ni hayaniyar yara ciwon kai take sa ni, nawa biyun ma da ƙyar. Ɗinki nake so. In karɓa don kada damar ta wuce ni?

Amsa: 'Yata, maigidanki ya yi abin a yaba, amma rabin labari aka ba shi. Malama na dawowa da azahar, gaskiya ne, sai dai ba hannu rabbana take dawowa ba. Tana tafe da leda cike da littattafan da za ta duba, ga shirin darasi da sai shugaba ya sa hannu, ƙarshen zango kuma ga haɗa maki da cika katin sakamakon kowane yaro. Yawancin wannan aikin bayan isha'i ake yin sa, an kwantar da yara, da fitilar waya in babu wuta. Ku zauna ku yi maganar tun yanzu, kada a zo ana cewa kin fifita littafi a kan tuwo.

Ba zan ɓoye miki ba, muna bukatar mata a aji. A ƙauyuka da yawa uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa ta ci gaba in ya san akwai malama a makarantar. Akwai kuma abin da namiji ba zai gani ba ko ya shekara nawa yana koyarwa. Yarinya 'yar sha uku, an fita tara kowa ya watse, ita ta ƙi motsawa daga benci, ta ja hijabi ta dunƙule. Malam zai ce taurin kai ne. Malama za ta kori 'yan leƙe, ta tura ƙofa, ta ciro zani daga jakarta. Wadda ta samu haka za ta dawo gobe. Wadda aka yi wa dariya, wataƙila an daina ganinta ke nan. Kuma aikin ba baƙo ba ne a ƙasarku. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, kowace tawaga da jajinta, suna ɗaukar karatu suna kai wa matan ƙauyuka.

Amma bukatarmu ba ta zama dalilinki ba. Mai ciwon kai da hayaniya ba ta da abin yi a aji ɗaya, za ta wahala, ta wahalar da 'ya'yan mutane. Sai dai koyarwa ba ta tsaya a kan 'yan firamare ba. A garinku akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha, wadda ta mata ce zalla. Ki je da ƙafarki ki tambayi kwasa-kwasan koyar da sana'a, musamman ilimin kula da gida, wanda ɗinki ke cikinsa. Mai irin wannan takarda 'yan matan sakandare take koya wa, ko matan aure a cibiyoyin koyon sana'a, kekenta na gida kuma yana nan yana aiki. Ta haka sharaɗin maigida ya cika, ke ma ba ki rabu da abin da kike so ba. In kin je kin ga ko wannan bai kwanta miki ba, ki faɗa masa gaskiya cikin ladabi, ki roƙi ya sa kuɗin makarantar a keke da koyon ɗinki. Ya fi ki yi shekara uku a kan takardar da za ta ƙare a ƙasan akwati.

Tambaya: Inna, na karanta kemistiri a jami'a, na yi bautar ƙasa a wata sakandare a Jigawa, kuma abin mamaki na ji daɗin aji. Yanzu wata makarantar kuɗi a Kaduna ta ce za ta ba ni naira 40,000 a wata. In karɓa in riƙa lallaɓawa kafin wani aikin ya samu, ko in yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, in tsaya a koyarwar?

Amsa: Ɗana, kai ka riga ka yi gwajin da na tura ɗan'uwanka na Funtuwa ya yi, har ka zarce. Abin da ya rage maka takarda ce. A wurin hukuma digirinka ya nuna ka san kemistiri, bai nuna ka iya koyar da shi ba, PGDE ce ke cike wannan giɓin. Jami'o'i da dama na yin ta, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda ke nan Kaduna tun 1976, kuma nata tsarin ba sai ka ajiye aiki ba. Daga nan ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ka karɓi shaidarka. Ranar da gwamnati ta buɗe ɗauka, waɗannan za a fara tambayarka.

In ka karɓi aikin nan, ka ƙudurta za ka kai ƙarshen shekarar karatu. 'Yan ajin ƙarshe da malamin kemistiri ya gudu ya bar su saura wata uku jarrabawa, na ga yadda suke ƙarewa.

Naira 40,000 kuwa ba ta kai mafi ƙarancin albashi ba, ka sani, su ma sun sani. Malamin kemistiri ba a tsintarsa a hanya, don haka ka yi ciniki. Kafin ka ce to, ka tambayi mai makarantar ko ana biyan albashi a watannin hutu. Ka tambayi darussa nawa za ka ɗauka, don an saba ɗaukar mutum a kan kemistiri, bayan mako biyu a ɗora masa bayoloji da lissafin ƙananan azuzuwa a kan kuɗin nan dai. Ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje, ka buɗe kabad ɗin da hannunka. Abin da kuka daidaita a kai ya kasance a rubuce, da sa hannu. Sannan ka tari wani malamin makarantar a waje, ba a gaban mai ita ba, ka tambaye shi ran nawa ga wata albashin da ya wuce ya shigo, da kuma abin da ake sa malamai su yi a zauren jarrabawa ranar WAEC. In ya sunkuyar da kai a tambaya ta biyu, ka nemi wata makarantar.

Wasiƙar malamin da ya rubuto daga Haɗeja kan maganar giratuti ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.